Fatsar kifin fulathed daga cikin jirgi a gaɓar Ostareliya: tambayoyi da amsoshi

Wane irin kifi ne fulathed?

Kifin teku ne da ke kwanciya a ƙasa, kan yashi ko taɓo. Sunan na Turanci ne, ma'anarsa mai shimfiɗaɗɗen kai, kuma ya dace da shi: kan kamar wanda aka taka, idanu biyu a sama, jiki yana sirancewa har wutsiya. Masu fatsa a Ostareliya kan yi masa laƙabi da ƙadangare. Kar a haɗa shi da wata tarwaɗar kogunan Amurka mai irin wannan suna, ba su haɗa dangi ba.

Iri-iri ne. Babbansu, wanda suke kira daski, yana gabashin ƙasar, daga wajen Kens a jihar Kwinsland har tafkunan Gifsland a Biktoriya, kuma yakan kai tsawon mita 1.2 da nauyin kilo 15. Na yashi, wanda ya fi yawa a mashigin Fot Filif kusa da Melbon da kuma Tasmaniya, ƙarami ne.

Me ya sa ake barin jirgi yana tafiya, ba a jefa anka a zauna wuri ɗaya?

Sirrin kamun ke nan. Fulathed ba ya yawon neman abinci, kwanton ɓauna yake yi. Sai ya turbuɗe jikinsa cikin yashi, idanu kaɗai a waje, ya jira ƙaramin kifi ko jatan lande ya gifta, sannan ya zabura ya cafke. In ruwa ya janye, har shatar jikinsa ake gani a kan yashin inda ya kwana, kamar an danna cebur an ɗaga. Wanda ya kafe jirginsa wuri ɗaya, kifin da ke kwance ƙarƙashinsa kaɗai zai samu, sauran ba za su taso su zo ba.

Shi ya sa ake kashe inji a bar iska da igiyar ruwa su riƙa jan jirgin sannu a hankali, koto yana bin ƙasa, dalmar da ke nutsar da zaren tana tayar da 'yar ƙura a yashi. Ƙurar nan ita ke jawo hankalinsa. In an samu cizo biyu ko uku a wani layi, sai a yi alama a na'urar nuna wuri, a kunna inji a koma baya, a sake bi ta kansa. In iska ta yi ƙarfi har jirgi yana gudu, akwai wani buhu mai kama da laima da ake jefawa cikin ruwa a ɗaure da igiya don ya rage saurin. Ni a ganina, mai koto mara kyau da ke taɓa ƙasa ya fi mai koto mai tsada da ke lilo a tsakiyar ruwa.

Wane koto ya fi ci?

Ba shi da tsirfa. Sardin, gudansa ko rabi, jatan lande, yankan tsokar kifi, duk yana hadiya. Yankan sikwid, dabbar tekun nan mai hannuwa da yawa, yana da tauri, ƙananan kifaye ba sa saurin tsige shi daga ƙugiya. Mai neman ƙato kuwa ƙaramin kifi mai rai yake sa wa, musamman a bakin kogi.

Yaya ake ɗaura kayan?

A teku mai zurfi, dalma ce a can ƙarshen zare, ƙugiya biyu a ɗan sama da ita, kowace a nata reshen. A ruwa mara zurfi kuma, dalma mai huda ake zurawa tana zamewa a kan zaren, ƙugiya ɗaya a ƙarshe. Nauyin dalmar dai daidai wanda zai riƙe ƙasa. Bakinsa faffaɗa ne, don haka ba a tsoron babbar ƙugiya.

Akwai lokacin da ya fi?

A bakin kogi, lokacin da teku ke janyewa. Ruwa na sauka daga kan tudun yashi, ƙananan kifaye na gangarowa dole cikin kwari, shi kuwa yana kwance a gefen gangaren yana jiransu.

Me ya sa yake yawan kuɓucewa bayan an kawo shi gefen jirgi?

Gaggawa ce ke jawowa. Da zarar kansa ya leƙo saman ruwa sai ya shiga kaɗa shi hagu da dama, ƙananan haƙoransa suna goga zaren kamar zarto har ya tsinke. Gwanaye sukan bar kan a cikin ruwa, su jawo shi a hankali ya shiga ragar hannu, kansa a gaba. Sukan kuma sa zare mai ɗan kauri kusa da ƙugiya.

Da gaske yana sara?

Ba sara ba ne, ƙaya ce. A kowane gefen kansa, wajen murfin numfashi, akwai ƙayoyi masu kaifi, in ya fizga sai su tsaga hannu, ga zafi ga zubar jini. Da tsumma mai jiƙe ko safar hannu ake riƙe shi, a cire ƙugiya da filaya. Tsofaffin masunta a can sukan ce a shafa yauƙin cikinsa a kan ciwon. Wanke wurin da kyau dai ya fi.

Ko nawa mutum ya kama sai ya tafi da su?

A'a. Kowace jiha da dokarta. A Niyu Sawut Wels, tun watan Agustan 2022, daskin da za a riƙe sai tsawonsa ya kasance tsakanin santimita 36 da 70, kuma guda 5 a rana. A Kwinsland tsakanin 40 da 75 ne. Dalilin sa iyaka ta sama shi ne, kusan duk manyan mata ne, su ke zuba ƙwai mafi yawa. Saboda haka ƙatuwar da mutum ya daɗe yana mafarkinta, a kan ma'auni mai jiƙe zai shimfiɗa ta, ya ɗauki hoto, ya tallafi cikinta ya mayar ruwa. Matsakaitan ne ake fere tsokar wutsiyarsu, fara sol, a tsoma a ƙullun fulawa a soya da dankali.