Jinyar ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali

Ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, lalura ce ta ƙwaƙwalwa da kan kama mutumin da ya tsallake rijiya da baya, ko ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa: yaƙi, harin 'yan bindiga, garkuwa, fyaɗe, haɗarin mota, gobara ko ambaliya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen duniya kan gamu da irin wannan lamari aƙalla sau ɗaya a rayuwa, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ciwon ke kamawa, kuma ya fi kama mata. Galibin mutane kan kaɗu na ɗan lokaci, sannan hankalinsu ya dawo jikinsu da taimakon dangi da maƙwabta. Sai alamun sun wuce wata guda suna hana mutum sakat ake fara maganar ciwo.

Yadda ciwon yake

Mai wannan lalura ba tuna abin da ya faru kawai yake yi ba, sake shiga cikinsa yake yi. Wanda aka kai wa ƙauyensu hari kan ji ƙarar babura biyu ko uku sun taho tare, sai gabansa ya faɗi, gumi ya keto masa, ya fara neman mafaka alhali yana tsakiyar kasuwa cikin aminci. Ƙaurin hayaƙi kaɗai kan mayar da wata mata daren da aka ƙona rumbunansu. Da dare ga munanan mafarkai, da rana ga zabura da saurin fushi da rashin natsuwa. Daga nan sai kauce-kauce: ba ya bin hanyar da abin ya faru, ba ya son a ɗauko zancen, har ya janye daga biki da majalisa.

Binciken ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sashen da ke kaɗa ƙararrawar haɗari, wato amigdala, yakan yi ta aiki fiye da kima, yayin da sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke lallashinsa ya yi rauni. Kauce wa tunanin kan kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne ke raya ciwon, domin ƙwaƙwalwa ba ta samun damar gane cewa haɗarin ya wuce. A kan wannan fahimta aka gina kusan duk jinyar da ta tabbata tana aiki.

An daɗe ana ganin alamun a jikin sojoji. A 1915 likitan Birtaniya Charles Myers ya yi rubutu a kan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da ke karkarwa ko su kasa magana, a lokacin da ake ɗora laifin a kan girgizar fashewar bama-bamai. Sai a 1980, bayan matsin lambar tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da likitocinsu, Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ciwon cikin kundinta. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ƙara wani nau'i mai sarƙaƙiya, na waɗanda suka daɗe cikin azaba ba mafita, kamar wanda aka tsare watanni a daji ko yaron da ya tashi cikin cin zarafi.

Jinya ta hanyar tattaunawa

Wannan ita ce sahun gaba, kuma ba hira ba ce ta a zo a ba da haƙuri. Tsari ne mai adadin zama da aikin da ake yi a kowane zama.

Hanyar da Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta tsara tana sa majinyaci ya tunkari abin da yake gudu sannu a hankali. Yakan ba da labarin abin da ya same shi dalla-dalla, ya maimaita a zama bayan zama, har zafin tunanin ya ragu. A waje kuma ana tsara masa matakai: wanda ya daina shiga mota bayan haɗari zai fara da tsayawa a tasha, gobe ya zauna cikin motar da ke tsaye, daga baya ya yi gajeriyar tafiya. Akan yi zama 8 zuwa 15. Hanyar Patricia Resick kuwa, wadda aka fara da matan da aka yi wa fyaɗe, tana ɗaukar kimanin zama 12, kuma ta fi mayar da hankali kan hukuncin da mutum ya yanke wa kansa: “ni na jawo”, “da ban aike shi gona ba da yana raye”, “babu sauran wanda zan yarda da shi”. Mai jinya, wato ƙwararren da ke jagorantar zaman, ba ya musanta masa kai tsaye. Tambayoyi yake yi har majinyacin ya auna maganar da kansa. Akwai kuma EMDR, wadda Francine Shapiro ta ɓullo da ita a 1987, inda mutum ke riƙe hoton abin a zuciya yana bin yatsan mai jinya da ido hagu da dama. Gwaje-gwaje sun nuna tana aiki, ko da yake masana na ta muhawara kan ko motsin idon ne sirrin ko kuwa tunkarar tunanin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita tare da jinyar gyaran tunani da ɗabi'a mai tunkarar abin da ya faru. Yara ma suna da nasu tsarin, wanda ake sa iyaye ko mariƙa a ciki.

Hanyar da ta fi dacewa da masu gudun hijira, waɗanda masifa ba sau ɗaya ta same su ba, ita ce jinyar ba da labari da Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert na Jami'ar Konstanz a Jamus suka tsara. A zaman farko akan shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun daga haihuwa. Majinyaci zai ajiye fure a inda ya ji daɗi, dutse a inda ya sha wuya, a bar ragowar igiyar a naɗe domin kwanakin da ke gaba. Daga nan sai a bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya: wace rana ce, wane wuri, me ka gani, me ka ji a jikinka, sai kuma me ya biyo baya? Mai jinya yana rubutawa, a ƙarshe a karanta wa mutum tarihinsa a miƙa masa. Manufar ita ce kowane tashin hankali ya koma gurbinsa na lokaci da wuri, ya daina faɗo wa mutum ba sallama. A wani gwaji da aka wallafa a 2004 kan 'yan gudun hijirar Sudan 43 a sansanin Imvepi na Uganda, shekara guda bayan zama 4 kacal, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan jinya ne suka rage da ciwon, alhali a sauran rukuni biyu da aka ba su wani taimakon daban domin kwatantawa, kusan kashi 80 ne.

Wani gwajin da aka wallafa a 2013 kan mata 405 da aka ci zarafinsu a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ya nuna cewa hanyar Resick tana aiki a rukuni, ga matan da da yawansu ba su iya karatu ba, a hannun ma'aikatan yankin da aka horar, kuma a wurin da rikici bai ma lafa ba. Wannan sakamako na da nauyi ga duk ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa suka yi mata ƙaranci.

Jinyar ba ta da daɗi a farko. Wasu alamunsu kan ɗan tsananta kafin su sauka, wasu kuma kan gudu kafin a kammala.

Magunguna

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayoyi biyu domin wannan ciwo, satralin da faroksetin, dukkansu daga dangin magungunan ciwon damuwa. Sukan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsu, kuma ba a daina su farat ɗaya. Magungunan kwantar da jijiya irin su diyazefam ba sa warkar da ciwon, ga kuma haɗarin sabo, shi ya sa ake gargaɗi a kansu. Haka ma tiramadol da kodin da wiwi da wasu ke sha don su samu barci: ciwo ɗaya ne ke komawa biyu. A watan Agustan 2024 hukumar ta Amurka ta ƙi amincewa da jinyar da ake haɗawa da MDMA, ƙwayar maye da aka fi sani da “ecstasy”, ta nemi a sake gwaji.

An kuma daina ba da shawarar tara mutane nan take bayan masifa a matsa musu su amayar da abin da suka gani a zama guda, domin bincike bai nuna yana hana ciwon ba. Abin da ake so a kwanakin farko shi ne tsaro, abinci, makwanci, haɗa mutum da danginsa, da sauraronsa in ya so magana.

A Arewacin Najeriya da Nijar

Rikicin Boko Haram tun daga 2009 a Borno da Yobe da Adamawa da yankin Diffa, da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun sa batun ya zama na gida. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri na cikin wuraren da ke ɗauke da wannan nauyi, akwai kuma irinsa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara har cikin unguwanni da sansanoni a Borno. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Da wuya majinyaci a nan ya ce yana da ciwon firgici. Abin da zai faɗa shi ne ciwon kai, faɗuwar gaba, rashin barci, ko “tunani ya yi mini yawa”, kuma sau da yawa wurin malami ko mai ruƙiyya ake fara kai shi, a kan zaton iska ce. Tsoron a kira mutum mahaukaci, da kunyar da ke rufe bakin wadda aka yi wa fyaɗe, kan jinkirta zuwa asibiti. Addu'a da tawakkali da zumunci ginshiƙai ne ga mutane da yawa, kuma ƙwararren mai jinya ba ya faɗa da su, yakan ma nemi haɗin kan limamai da fastoci da masu unguwa. Inda ake samun matsala shi ne idan “yi haƙuri, ka manta” ta zama hanyar rufe bakin wanda ke buƙatar ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya fara maganar kashe kansa kuwa, ko ya daina ci da sha, asibiti ake kai shi ba tare da ɓata lokaci ba.