Rake Yana da Ƙwayar Iri

Da yake manoma ba su taɓa shuka rake sai da gaɓoɓinsa, an daɗe ana ɗauka cewa tsiron ba shi da ƙwayar iri kwata-kwata. Gaskiyar magana ita ce rake yana fitar da fure, kuma a cikin furen akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu iya tsirowa, kamar yadda masana suka tabbatar a tsibiran Jawa (a Indonesiya) da Barbados (a yankin Karibiyan) wajen shekarar 1888.

Gaɓar da aka binne ba ta haifar da komai sai irin uwarta sak, har da rauninta a gaban cuta, shi ya sa annoba ɗaya kan iya cinye gonaki masu yawa. Sabon nau'i daga ƙwaya yake samuwa, bayan an yi barbara tsakanin rake mai zaƙi da danginsa na daji mai juriya. Ta wannan hanya aka samar da nau'in rake mai suna POJ 2878 a Jawa a 1921, wanda ya jure cutar sereh da ta addabi raken tsibirin. Aikin yana buƙatar haƙuri, domin ana tace dubban tsirrai fiye da shekara goma kafin nau'i ɗaya ya isa hannun manomi.