Zum 100x da ke jikin kwalin salula, a daina ruɗin kai

Jama'a, kullum in ana kokowa a filin Tawa sai ka ga yaranmu can bisa benci na ƙarshe suna jan allon salula da yatsu biyu, wai sun kawo 'yan kokowa kusa, in sunka tura bidiyon a WhatsApp kuma sai ka ga kamar an ɗauka cikin hazon hunturu, sai a ce ai rezo ne ya ɓata shi. Ba rezo ba ne wallahi.

Zum iri biyu ne. Akwai na gilashi, wato wani ido na daban a bayan wayar, mai 3x ko 5x, shi ne ke jawo abu da gaske ba tare da hoton ya rage kyau ba. Sauran duk yanka ne kawai, wayar ta yanke tsakiyar hoton ta buɗe shi kamar an ja roba. Bidiyon 4K, wato mai tsabta sosai, na da ɗigo wajen miliyan 8 a hoto guda, in ka ja 2x saura miliyan 2, wato ka koma 1080p, matakin da ke ƙasa da 4K, to ina ga 10x? Ko Galaxy S20 Ultra da Samsung ta fitar a 2020 da 100x rubuce a bayanta, mafi yawan wannan lamba yanka ne da gyaran kwamfuta.

Ga kuma rawar hannu, zum na ƙara ta. Da dare ma wasu wayoyi kan bar ƙaramin idon nan na zum su koma yankan hoton babban idon wayar, don ya fi shan haske. Ni dai in wayarka ido guda gare ta, bar ta a 1x, tashi ka matsa gaba da ƙafarka.