Waiwaye: Yadda Darasin Zane Ya Shiga Aji, Da Yadda Ake Ta Tura Shi Gefe

Duk sanda kuɗi suka yi wa makaranta ƙaranci, ko jarrabawa ta ƙarato, darasin zane ake fara taɓawa. A karɓe lokacinsa a ba lissafi, a kulle fenti a kabad. Abin yana yi mini ciwo, don ba da wasa wannan darasi ya samu gurbi a aji ba.

'Yan kasuwa ne suka fara yi masa hanya. A babban baje-kolin Landan na 1851, Ingila ta ga cewa injunanta sun fi na kowa, amma wajen kyan fasali da adon kaya Faransa ta sha gabanta. Shekara guda bayan nan aka ɗora wa Henry Cole, jami'in gwamnatin Ingila, alhakin yaɗa koyar da zane. A Amurka ma haka abin ya kasance: masu masana'antu a jihar Massachusetts suka matsa har aka yi dokar 1870 wadda ta sa zane cikin darussan makarantun gwamnati, aka ɗauko Walter Smith daga Ingila a 1871 ya tsara aikin. Zanen lokacin kuwa kwafi ne zalla. Malami ya ja layi a allo, yara su ja irinsa, ana horar da hannun da zai yi wa masaƙa aiki gobe.

Wani malamin zane, Franz Cizek, ne ya juya akalar. A 1897 ya buɗe ajin yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya ba su takarda da launi, ya ƙyale su su zana abin da ke ransu, ba ya sa hannu ya gyara musu. Daga nan aka fara ɗaukar zanen yaro a matsayin maganarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, makarantun ƙananan yara na Reggio Emilia a Italiya, ƙarƙashin jagorancin Loris Malaguzzi, suka ware ɗakin zane da malaminsa na musamman.

Sai iska ta sake kaɗawa. Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, Amurka ta firgita, ta zuba kuɗi a kimiyya da lissafi. A 2002 ta kawo dokar da ta sa ana auna makarantu da sakamakon jarrabawar karatu da lissafi ta kowace shekara. Ingila ta fito da EBacc a 2010, ma'aunin da ke auna makarantu da sakamakon wasu zaɓaɓɓun darussa, babu zane a ciki. Shugaban makaranta kuwa abin da za a tambaye shi a kai shi yake kiwo.

A nan ne, a ganina, masoya zane suka yi tuntuɓe. Don su ceci darasin, sai suka riƙa cewa yana ƙara wa yaro maki a lissafi. A 2000, Ellen Winner da Lois Hetland na cibiyar Project Zero a Jami'ar Harvard suka bi tarin binciken da ake kafa hujja da shi, suka tarar mafi yawansa bai tabbatar da hakan ba. Sun sha suka. Amma sai suka shiga azuzuwan zane da kansu, suka zauna suna kallo, suka fito da abin da ake koya a can: lura, hasko abu a zuci kafin a yi shi, naci a kan aikin da ya ƙi, da iya duba aikinka ka faɗi inda ya gaza.

Lura ɗin nan ita ce zuciyar zancen. Ajiye wa yaro kofi a tebur ka ce ya zana. Zai yi bakin kofin da'ira cikakkiya, don ya san da'ira ce. Malami ya ce, “Sake dubawa, daga inda kake zaune me kake gani?” Yaron ya ƙura ido, ya ɗan karkata kai, can sai ya ga bakin ya matse kamar ƙwai a kwance, gefe guda da haske, ɗayan da inuwa. Ya goge, ya sake. A wannan ɗan lokacin ya rabe abin da ya zata da abin da ke gabansa, kuma ban san wani darasi da ke koyar da wannan kai tsaye haka ba.

Da irin idon nan Santiago Ramón y Cajal, masanin kimiyya ɗan ƙasar Sifaniya wanda tun yana yaro ya so zama mai zane, ya zana ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da hannunsa, ya samu kyautar Nobel a 1906. Hukumar UNESCO ta yi taro a kan ilimin fasaha a Lisbon a 2006, da Seoul a 2010, da Abu Dhabi a 2024, ana ta kira a mayar da shi tsakiyar manhaja. Makarantar likitanci ta Jami'ar Yale ba ta jira taro ba: tun ƙarshen shekarun 1990 take kai ɗalibanta gidan adana zane-zane, su tsaya gaban hoto guda su yi ta bayyana abin da suke gani, kafin a tsayar da su gaban majinyaci.