Mene ne haƙƙin watsa wasa, kuma wa mai kallo zai kama da laifi?

Duk lokacin da babbar gasa ta zo, Kofin Duniya ne ko Kofin Nahiyar Afirka, ƙorafin masu kallo a Birnin Kebbi kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce tashoshin gida sun manta da talaka. Wani ya ce mai kyamara ba ya ƙaunarmu, tunda ya ƙi maimaita ƙetar da aka yi wa ɗan wasanmu. Wani kuma ya fito daga gidan kallo a Badariya ko Gesse yana faɗa da mai gidan, don ya biya kuɗin shiga amma tashar da aka saba ba ta ɗauko wasan ba. Yawancin koke-koken nan suna da tushe, sai dai akan kai su ƙofar da ba ita ba ce. Abin da ke bayansu shi ne haƙƙin watsa wasa.

Haƙƙin watsa wasa izini ne da mai gasa ke sayar wa tashar talabijin, ko rediyo, ko kamfanin intanet, domin su nuna wasanninsa. Kofin Duniya na FIFA ne, Kofin Afirka na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ne, gasar Olamfik ta kwamitinta na duniya ce. Tasha ba ta sayen gasar, hayarta take yi, kamar yadda manomin shinkafa ke karɓar hayar fadama: an nuna masa iyaka, an yanka masa lokaci, in wa'adi ya cika gona ta koma hannun mai ita, ya ba duk wanda ya fi tsoka. A kwantiragin akan rubuta ƙasashen da za a nuna wasan, da shekarun, da harshen da za a yi sharhi, da kuma hanyar: tashar kyauta ce da kowa ke kamawa da eriya, ko ta biyan kuɗin wata, ko ta waya. Kowanne da farashinsa, kuma ana iya sayar da su ga mutane daban-daban.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Tsakanin 2019 da 2022 FIFA ta samu kimanin dala biliyan 7.5, kuma wajen biliyan 3.4 daga ciki daga haƙƙin talabijin suka fito, wato shi ne babbar rijiyarta. Wanda ke samun irin wannan ba zai bari a nuna masa wasa don zumunci ba.

Mun ɗanɗana wannan a 2013. An shiga gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu tashoshin cikin gida na Najeriya ba su da izinin nunawa, saboda ƙungiyarsu ta BON ba ta daidaita kan farashi da masu riƙe da haƙƙin ba. Shekarar kuma ita ce wadda Super Eagles ta Stephen Keshi ta ɗauko kofin, Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Mai tauraron ɗan'adam a gida ya bi gasar yana kishingiɗe. Wanda ba shi da shi sai gidan kallo, ko ya manna rediyo a kunne. Dattijo mai mutunci ba zai je ya cusa kai cikin samari a benci ba, matan aure kuwa ba a ma maganarsu. Ƙungiyar ƙasa ce ke wasa da sunan kowa, amma kallonta ya zama na mai hali.

A farkon 2024 abin ya juyo kan masu biyan kuɗin su ma. CAF ta sayar da haƙƙin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ga New World TV, wani kamfani da ke Lome ta ƙasar Togo, sai SuperSport, tashar wasanni da ake kamawa a DStv, ta sanar cewa ba za ta nuna gasar da za a yi a Kwaddibuwa ba. Masu gidajen kallo daga Jega har Yauri hankalinsu ya tashi, domin jarinsu duka a kan dikoda ɗaya yake. Sai ana saura kwanaki kaɗan a fara gasar, wadda aka buɗe ranar 13 ga Janairu, aka sasanta, SuperSport ta karɓi izini daga hannun wanda ya riga ta saye. Wannan shi ne izini na biyu: wanda ya sayi haƙƙi ya yanka wa wani daga ciki. Ta irin wannan hanya tashoshi da yawa ke samun wasa, shi ya sa wani lokaci ba a sanin inda za a kalli gasa sai dab da busa usur.

Iyakar ƙasa da ke cikin kwantiragi ita ce ke bayyana wani abu da mutanen Kamba da sauran garuruwan bakin iyaka suka saba gani. Wasan da babu shi a tashar Najeriya yana iya kasancewa a tashar Nijar ko ta Benin, da sharhin Faransanci, domin kasuwar masu jin Faransanci daban ake cinikinta. Haka beIN ta Qatar ke riƙe da manyan gasa a ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka. Ita ce kuma dalilin da manhajar waya ke ce maka ba a nuna wannan wasa a ƙasarka, alhali datarka cike take.

Sai batun hoton, inda aka fi ɗora wa tasha laifin da ba nata ba. A babbar gasa ba kowace tasha ke kai kyamarorinta fili ba. Kamfani ɗaya ke ɗaukar wasan, ya tura hoto guda ga duniya baki ɗaya. A Kofin Duniya, tun daga na 2002, kamfanin HBS ke wannan aiki, da kyamarori fiye da 30 a kowane wasa a gasannin baya-bayan nan. Darakta ɗaya a ɗakin sarrafawa ke zaɓen abin da za a maimaita da fuskar da za a hasko. Abin da ake gani a Argungu shi ake gani a Landan a daidai wannan daƙiƙa, in ban da ɗan jinkirin hanya. Don haka in an ƙi maimaita fanaretin da kake ganin an danne mana, ba NTA ba ce, ba SuperSport ba ce. Haka yawan hasko mata a cikin 'yan kallo, abin da ke sa magidanci ya riƙa neman rimot in yana kallo da iyalinsa. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: a gasar Rasha ta 2018 FIFA da kanta ta ce ta nemi masu ɗaukar hoto su rage wannan ɗabi'a. Allunan talla na gefen fili, har da na giya, su ma na mai gasa ne.

To, me ya rage a wuyan tasha? Da yawa, kuma a nan ne ya kamata murya ta tashi. Ita ke yanke shawarar saye da wuri ko jan ƙafa. Ita ke zaɓen tallan da za ta cusa a hutun rabin lokaci, kuma tallan caca da ke cika allo a gaban yara 'yan makaranta zaɓinta ne, ba wanda ya tilasta mata. Ita ke zaunar da masu fashin baƙi, masana ne ko masu surutu. Sannan harshe. Hoton da ake turowa yana zuwa da hayaniyar fili a ware, yadda kowace tasha za ta iya ɗora muryar mai sharhinta. Ba wata fasaha da ta hana a zaunar da Bahaushe masanin ƙwallo ya yi sharhin wasan Najeriya kai tsaye ga miliyoyin masu jin Hausa. Abin da ake buƙata shi ne a sa harshen cikin ciniki, a kuma biya mai aikin.

Ra'ayina kuwa, wasan Super Eagles a babbar gasa bai kamata a bar shi ga kasuwa kaɗai ba. Birtaniya, inda kuɗin ƙwallo ya fi ko'ina yawa, tana da doka ta 1996 da ta ware wasu gasanni, ciki har da Kofin Duniya, ta ce dole a ba tashoshin kyauta damar nuna su, shi ya sa BBC da ITV ke raba wasannin tsakaninsu. 'Yan majalisarmu na Kebbi da ke Abuja suna iya kai irin wannan ƙudiri, a ware wasannin ƙungiyar ƙasa a Kofin Afirka da Kofin Duniya, a tanadi kuɗin haƙƙinsu cikin kasafi tun kafin shekarar gasa, a kuma sharɗanta sharhi da manyan harsunan ƙasar.