Abin da doka ta ce game da tallan magani a tasha da cikin mota

Duk wanda ya saba zirga-zirga tsakanin Agege da Mile 12 a Legas, ko ya taɓa jiran mota a tashar Iddo, ya san mai tallan magani da kwalinsa a ka ko baronsa a gindin gada. Ɗan dako zai tsaya da yamma ya ce, "Malam, haɗa mini na gajiya," sai a ɓallo masa ƙwaya huɗu ko biyar daga kati daban-daban, a ƙulle a leda, ya kora da ruwa nan take. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a 'yan'uwanmu ne da suka zo ci-rani, kuma akasarinsu sun ɗauka cewa muddin maganin na gaske ne, babu ruwan hukuma da su. Wannan fahimta ce take jefa mutane cikin matsala.

Dokar da ta shafi lamarin ita ce ta hana jabun magunguna da gurɓataccen abinci, wadda aka kafa a 1999 a matsayin dokar soja mai lamba 25, kuma har yau tana aiki. Sashe na 1 ya haramta haɗa jabun magani, ko shigo da shi, ko rarraba shi, ko sayar da shi, hukuncinsa kuwa tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko a haɗa wa mutum duka biyun. A idon dokar, maganin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta yi wa rajista ba shi ma jabu ne, ko da daga sanannen kamfani ya fito.

Sashe na 2 shi ne bai shiga kunnen jama'a ba. Ya ce laifi ne a yi tallan magani, ko a baje shi don sayarwa, a duk wurin da ba shi da lasisin yin hakan, sannan ya ambaci wuraren da sunansu: kasuwa, da ɗan kanti, da tashar mota, da tebur a bakin titi, da cikin bas ko jirgin ruwa ko kowane abin hawa. A nan alƙali ba ya bukatar a tabbatar masa cewa maganin jabu ne, domin wurin da aka sayar kaɗai ya isa hujja, kuma wanda ya taimaka wa mai tallan, kamar ubangidan da ya ba shi kaya, shi ma ya shiga ciki. Hukuncin tara ce har naira 500,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka.

Akwai hikima a cikin wannan tsauri. Yawancin magunguna an rubuta a jikin kwalinsu cewa a ajiye su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, nesa da rana da danshi, alhali kwalin mai talla yana wuni cikin ranar Legas, ya kwana a rumfa mai laima. Ƙwayar da ta sha wannan wahala tana iya rasa ƙarfinta ba tare da ta sauya kama ba. Sannan idan aka ɓalle ta daga katinta, an raba ta da sunanta, da ranar lalacewarta, da lambar rukunin da aka haɗa ta a ciki. Wannan lamba ce ake bi a janye magani idan ya zama guba, kamar yadda ya faru a 2008 lokacin da ruwan maganin haƙoran jarirai na My Pikin, wanda aka haɗa a nan Legas, ya hallaka yara aƙalla 84. Abin da ya fi damuna shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa guda biyu ko uku, domin shan rabin adadi yana koya wa cutar jure maganin, ranar da ciwo ya yi tsanani kuma a rasa abin da zai yi aiki.

Mai kemis ma yana da iyaka. Hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita take ba shi lasisi, kuma lasisin ya tsaya ne kan magungunan da ba sa bukatar takardar likita, a cikin kwalinsu na asali. Yin allura da ƙarin ruwa ba sa cikin abin da aka yarje masa.

An daɗe ana kau da kai daga wannan doka, amma alamu sun nuna an fara sauya hali. A 2024 aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari a Kano komawa cibiyar Dangwauro, a watan Fabrairun 2025 kuma NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta rufe kasuwar magani ta Idumota da ke Legas tare da ta Onica da ta Aba domin bincike. A ganina tarar naira 500,000 da aka yanke tun 1999 ba ta tsorata babban dillali a yau, sai dai ga yaron da jarinsa duka bai kai rabin haka ba, kamu ɗaya ya isa ya raba shi da komai.

Wanda yake son ci gaba da wannan sana'a ta halal, sai ya samu shago tsayayye, ya nemi lasisi a ofishin PCN na jiha, a zo a duba wurin, ya halarci horon da ake bayarwa, ya kuma riƙa sabunta lasisin kowace shekara. Kayan da zai ajiye su kasance masu lambar rajistar NAFDAC, ya adana rasidin inda ya saro su, domin shi ne abin da jami'ai za su tambaya ranar da suka shigo.