Me ya sa ake yi wa Somaliyawa kuɗin goro?

Ban da yaƙi da yunwa, me Somaliyawa suka gada?

Waƙa, kafin komai. Sai a 1972 aka tsayar da rubutun boko a hukumance ga harshensu, amma tun da daɗewa makiyayan raƙuma ke haddace dogayen baitoci suna kai su daga rijiya zuwa rijiya. Mafi daraja ana kiranta gabay. Ƙa'idarta mai tsauri ce: inda sha'irin Hausa ke daidaita amsa-amo a ƙarshen baiti, su sauti ɗaya suke zaɓa, kuma dole kowane layi ya ƙunshi kalmar da ta fara da shi har waƙar ta ƙare. Da gabay ake sasanta dangi, da ita kuma ake zuga mayaƙa. Mata suna da tasu, buraanbur, wadda ake rerawa a biki. Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, wanda ya yi ta fafatawa da Turawan Ingila har 1920, baitocinsa sun tara masa jama'a kamar yadda wa'azinsa ya yi. Shi kuwa Hadraawi, da ya rasu a Hargeisa a 2022, shekara 5 gwamnatin Siad Barre, shugaban Somaliya na wancan lokacin, ta tsare shi saboda waƙoƙinsa. Mai mulki ba ya ɗaure mawaƙi sai in ya san jama'a na sauraronsa.

Ga kuma fatauci. Ibn Battuta ya isa Mogadishu a 1331, ya tarar da babban birni da ake kai tufafinsa har Masar.

Yaya aka yi suka watsu a duniya?

Gwamnati ta rushe a 1991, yaƙin basasa ya biyo baya. Dubbai suka nufi sansanin Dadaab a Kenya, wasu unguwar Eastleigh a Nairobi, wasu Landan da Suwidin da birnin Minneapolis na Amurka, inda aka zaɓi Ilhan Omar, haifaffiyar Somaliya, zuwa majalisar wakilan Amurka a 2018.

To, ai fashin teku da al-Shabaab ba ƙage ba ne?

Ba ƙage ba ne, kuma babu mai hankalin da zai wanke su. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda labarai ke mantawa da su wa ake kashewa. Bam ɗin da ya tashi a Mogadishu ranar 14 ga Oktoba, 2017 ya hallaka fiye da mutum 500, kusan dukkansu Somaliyawa. Duk da haka, bayan harin da al-Shabaab ta kai cibiyar kasuwanci ta Westgate a Nairobi a 2013, a shekarar da ta biyo baya jami'an tsaron Kenya suka yi ta kamen mazauna Eastleigh ana tsare su a filin wasa na Kasarani, har da masu takardar zama ɗan ƙasa. A jihar Minnesota ta Amurka ma an gurfanar da wasu Somaliyawa kan almundahanar kuɗin ciyar da yara, kuma ya dace a hukunta su. Sai dai mai laifi yana da suna. Idan kanun labari ya jefar da sunan ya ɗauki ƙabila, direban tasi da ma'aikaciyar asibiti ne za su sha kallon banza da safe.

Me ya sa ake zargin kuɗin da suke aikawa gida?

Saboda hanyar baƙuwa ce ga bankunan Turai. Ana kiranta xawilaad, wato hawala: ka ba wakili kuɗi a Landan, wani wakilin ya miƙa wa mahaifiyarka a ƙauye, amana ce ke riƙe da tsarin. Fiye da dala biliyan 1 ke shiga ƙasar ta haka duk shekara, abinci da magani da kuɗin makaranta. A Nuwamba 2001 Amurka ta rufe kamfanin hawala na al-Barakaat bisa zargin tallafa wa al-Qa'ida, iyalai masu yawa suka rasa ajiyarsu. Daga baya hukumar da ta binciki harin 11 ga Satumba ta ce ba a samu hujjar da ta tabbatar da zargin ba.